Gidan Yuro ɗaya a Sambuca: abin da ake sayarwa da abin da ba ya cikin cinikin

Duk bayan 'yan watanni labarin yakan sake zagayowa a Facebook da WhatsApp: wai akwai garuruwa a Italiya da ake sayar da gida sukutum kan Yuro ɗaya. Wasu su ce damfara ce kawai, wasu su ɗauka ƙofar Turai ce ta buɗe, har su fara cigiyar inda ake cike fom. Gidajen dai suna nan, hukumomin garuruwan ne da kansu ke tallarsu, an kuma sayar wa mutane da dama. Sai dai wanda ya biya Yuro ɗayan nauyi ya saya: kango, da wa'adin gyara shi, da haraji. Garin Sambuca da ke tsibirin Sisili shi ya fi yin suna a wannan harka, don haka da shi za a fi gane yadda kasuwar take.

Wane gari ne Sambuca?

Sambuca di Sicilia yana kan tudu a lardin Agrigento, tafiyar kamar awa ɗaya a mota daga Palermo, babban birnin tsibirin. Mutanensa ba su kai 6,000 ba, kuma sun daɗe suna raguwa. Noman inabi da zaitun da alkama da kiwon tumaki su ne sana'ar yankin.

Tarihinsa ba baƙo ba ne ga wanda ya yi karatun fikihun Malikiyya. A shekarar 827 rundunar Musulmi daga Ƙairawan ta sauka a Mazara, a yammacin Sisili, ƙarƙashin Alƙali Asad bin Furat, almajirin Imam Malik. Mutanen Sambuca suna cewa wani amiri mai suna Al-Zabut ne ya kafa garinsu 'yan shekaru bayan wannan saukar, kuma garin ya amsa sunan Sambuca Zabut har shekarun 1920, zamanin mulkin Mussolini a Italiya, lokacin da aka cire rabin sunan na Larabci. Tsohuwar unguwar Larabawan tana nan a ƙololuwar tudun: lunguna bakwai masu murɗiya, wasu mutum biyu ba sa jerawa a cikinsu, ƙananan tsakar gida, da ramuka a ƙarƙashin gidaje inda aka riƙa sassaƙo dutsen ginin. A 2016 garin ya lashe gasar da gidan talabijin na ƙasa RAI ke shiryawa ta ƙauyen da ya fi kowane kyau a Italiya. Wannan lambar ce jarin farko da hukumar garin ta juya.

Yadda kangaye suka taru

Gida ba ya faɗuwa zuwa Yuro ɗaya a dare ɗaya. Abubuwa uku ne suka haɗu a Sambuca, kuma na ukun ya fi sauran wuyar warwarewa.

Na farko ƙaura. Tun ƙarshen ƙarni na 19 mutanen kudancin Italiya ke tafiya Amurka da Ajantina neman abinci. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka koma tafiya Jamus da Suwizalan da masana'antun Milan da Turin. Yanzu kuma haihuwa ce ta ja baya a ƙasar baki ɗaya: a 2008 an haifi jarirai kusan 576,000 a Italiya, a 2024 kuwa kimanin 370,000. Ƙidayar 2021 ta nuna fiye da gida ɗaya cikin huɗu a ƙasar ba shi da mazauni na dindindin, kodayake a ciki har da gidajen hutu.

Na biyu girgizar ƙasa. Daren 14 ga Janairun 1968, wayewar 15, ƙasa ta girgiza a kwarin Belice, yankin da Sambuca yake. Mutane fiye da 200 suka mutu, dubun dubatar suka rasa matsuguni, garuruwa irin su Gibellina da Poggioreale da Montevago suka rushe. Sambuca bai rushe ba, amma tsofaffin gidajensa sun tsattsage. Gwamnati ta gina sabuwar unguwa a gefen gari, iyalai da yawa suka koma can, gidajen da suka bari kuma wasu suka dawo hannun hukumar gari. A lokacin har tikitin jirgin ƙasa kyauta da fasfo na gaggawa aka riƙa ba waɗanda abin ya shafa don su tafi wani wuri. Da yawa sun tafi ba su dawo ba.

Na uku gado. Dokar Italiya ta keɓe wa mata ko miji da 'ya'ya kason da ba a hana su, kuma gidan da aka yi tarayya a kansa ba ya sayuwa gaba ɗaya sai kowane mai kaso ya sa hannu. Duk wanda ya san tsohon gidan gado a cikin birnin Kano ko Damagaram, wanda magada suka kai talatin, wani a Legas, wani a Makka, kowa yana da haƙƙi amma ba mai yaɓe katanga, ya riga ya fahimci matsalar. A Sisili magadan suna Chicago da Buenos Aires da Stuttgart, wasu ma ba su san suna da kason ɗaki a wani ƙauye ba. Waɗanda suka sani kuwa haraji suke biya, domin a Italiya gidan da mutum ke zaune a ciki galibi an yafe masa harajin gida na shekara, amma gida na biyu ana biya, ko da kango ne, illa dai a rage masa. In kuma katanga ta faɗa kan maƙwabci ko mai wucewa, mai gida ne da alhaki. Shi ya sa ake samun mai cewa a zo a ɗauka ko kyauta ne.

Wannan batu na magada shi ke raba garin da shirin ya yi nasara da wanda ya cije. A Patrica, kudu da Rum babban birnin ƙasar, akwai yasassun gidaje kimanin 40, amma rahotannin 2024 suka nuna biyu kacal aka iya sayarwa, saboda an kasa tattaro sa hannun dangi. Sambuca ya tsallake wannan rami ne domin gidajen da ya fara fitarwa mallakar hukumar gari ne, takardunsu a hannu ɗaya.

Yadda cinikin yake

Ba Sambuca ne ya ƙirƙiro dabarar ba. Magajin garin Salemi, Vittorio Sgarbi, shi ya fara shelanta ta a 2008, shirin bai je ko'ina ba a lokacin. Gangi da Mussomeli a Sisili da Ollolai a tsibirin Sardiniya sun bi baya, kowa da nasa sharuɗɗan. Babu wata doka ta ƙasa da ta tsara abin, kowane gari shi ke rubuta ƙa'idarsa.

A Janairun 2019 Sambuca ya fitar da gidaje 16. Tashar CNN ta ɗauki labarin, saƙonni dubbai suka cika ofishin magajin gari cikin 'yan kwanaki. Abin da yawancin masu yaɗa labarin ke tsallakewa shi ne gwanjo aka yi, Yuro ɗaya farashin buɗe taye ne. Masu so suka miƙa tayinsu a rufe, wanda ya fi tsoka ya ɗauka. Akasarin gidajen sun tafi kan 'yan dubban Yuro, mafi tsada ya kai 25,000. A 2021 aka sake fitar da wani rukuni daga Yuro biyu, a 2024 daga Yuro uku.

Wanda ya ci gwanjo zai ajiye Yuro 5,000 jingina a hannun hukuma, ya kammala gyara cikin shekara uku. In ya cika alkawari a mayar masa, in ya saɓa kuɗin sun tafi. A rukunin farko an ƙiyasta gyaran zai fara ne daga Yuro 15,000, kuma wannan ƙaramin ƙiyasi ne ga gidan da rufinsa ya rufta, ciyawa ta tsiro a tsakar ɗaki, tantabaru suka yi shekaru suna kwana a bene.

Kafin a taɓa bulo ɗaya akwai takardu. Mai saye zai karɓi lambar haraji ta Italiya. Ba a cinikin gida sai a gaban notaio, jami'in shari'a da ke tantance takardun mallaka ya shaida ciniki, kuma ladansa a wuyan mai saye yake. Harajin rajista kashi 9 cikin 100 ne na ƙimar gidan a kundin filaye idan gida na biyu ne, kashi 2 idan mutum zai mai da shi mazauninsa, amma ko yaya ba ya gaza Yuro 1,000. Sai safiyo ko mai zanen gini da zai tsara aiki ya nemo izini. Yankin na girgizar ƙasa ne, dole ginin ya bi ƙa'idar ƙarfafa katanga da rufi. Tsohuwar unguwa kuma tana ƙarƙashin kariyar dokar kayan tarihi ta 2004, saboda haka fuskar gida da tagogi da irin rufi ba a sauya su yadda aka ga dama. Babbar mota ba ta shiga lungun, yashi da siminti sai a ƙaramar a-kori-kura mai ƙafa uku ko a baro, kuma duk wannan kuɗi ne. Tallafin gyaran gidaje da gwamnati ta ɓullo da shi a 2020 ya ƙara tsadar kayan gini a faɗin ƙasar, magina suka yi wuyar samu. Idan aka tattara, gyara mai sauƙi yakan ci dubun dubatar Yuro, akwai kuma waɗanda jaridu suka ruwaito sun kashe fiye da 100,000.

Kasuwar da ta taso a gefen gwanjo

Gidajen gwanjon duka-duka 'yan gomomi ne. Ainihin cinikin a gefe ya gudana. Mutum zai taso daga Amurka ko Ingila don ganin gidan Yuro ɗaya, ya leƙa ya ga sama ta cikin rufi, sai dillali ya nuna masa wani a lungu na gaba, mai rufi da ruwa da wuta, kan Yuro dubu ashirin ko arba'in. Ga wanda ya saba da farashin Landan ko New York wannan ma kyauta ce. Hukumar garin na cewa gidajen da aka sayar ta wannan hanya sun haura ɗari, sun ninka na gwanjo sau da yawa. Giuseppe Cacioppo, wanda ya jagoranci shirin yana mataimakin magajin gari kafin daga baya ya hau kujerar, ya sha bayyana cewa miliyoyin Yuro sun shiga garin.

Ta nan za a gane cewa Yuro ɗayan talla ce, kuma talla mai arha ƙwarai: garin da ba shi da kuɗin sayen fili a jarida ya samu duniya tana ambatonsa. Har kamfanin Airbnb, mai haɗa matafiya da masauki ta intanet, ya gyara ɗaya daga cikin gidajen a 2022, ya nemi wanda zai zauna a ciki shekara guda ba haya yana karɓar baƙi.

Masu sayen kala-kala ne. Akwai jikokin waɗanda suka yi ƙaura, masu neman tushensu, kodayake dokar 2025 ta taƙaita samun ɗan ƙasa ta hanyar jini ga wanda ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ne ɗan Italiya, ba a ƙara lissafa kakannin kakanni. Akwai 'yan fansho, waɗanda wata doka ta 2019 ta yi wa tayin biyan harajin kashi 7 cikin 100 kacal kan kuɗin da ke shigo musu daga waje, har tsawon shekara goma, in sun tare a ƙaramin gari a kudu. Akwai masu aiki ta intanet. Sai masu gyarawa don ba 'yan yawon buɗe ido hayar kwana-kwana, waɗanda tun Janairun 2025 doka ta wajabta musu yin rajista da manna lambar shaida ta ƙasa a ƙofar gida.

Zaman garin

Abin da ke jan baƙi a fili yake. Da hantsi ana sayen burodi da zafinsa, ga cukun madarar tumaki na kwarin Belice, ga man zaitun daga gonar maƙwabci. Da azahar shaguna su rufe sai la'asar. Da yamma jama'a su fito babban titin gari, Corso Umberto, suna kai da komo ana gaisawa, dattawa a kan kujeru a ƙofar majalisarsu. A Lahadi ta uku ta watan Mayu ake bikin addini mafi girma na garin, a kwana ana zagaye lunguna. A watan Agusta 'yan ci-rani su dawo daga Jamus da arewa, gari ya cika.

Sauran watannin kuwa wani labari ne. Gidan dutse yana da sanyi da laima a hunturu, tsofaffin kuma ba su da na'urar ɗumama ɗaki. Bazara na da zafi: a Sisili aka auna digiri 48.8 a Agustan 2021, mafi tsanani da aka taɓa tabbatarwa a Turai. A 2024 fari ya sa gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci a tsibirin, lardin Agrigento na cikin inda aka fi jin jiki, aka riƙa ba da ruwan famfo rana-rana, tankin kan rufi ya zama dole. Jirgin ƙasa ba ya zuwa garin, wanda ba shi da mota ya takura. Babban asibiti sai an gangara Sciacca a bakin teku. Harshe ma shinge ne, domin a kasuwa da ofis Italiyanci ake yi, dattawa kuma Sisiliyanci. Musulmin da ya je saboda sunan Zabut zai tarar da lungunan Larabawa amma ba jama'arsu, tun ƙarni na 13 Sarki Frederick na Biyu ya kwashe ragowar Musulmin tsibirin zuwa garin Lucera, a kudancin babban yankin Italiya. Al'ummar Musulmi mai ƙarfi a yankin tana Mazara, inda 'yan Tunisiya masunta suka zauna, da kuma Palermo.

Masu yabo da masu suka

Magoya bayan shirin, galibi masu riƙe da garuruwan, hujjarsu a ƙasa take. Kangon da zai faɗo kan mutane ya zama gida. Birkila da kafinta da mai aikin famfo da mai haɗa wuta sun samu aikin shekaru. Gidajen abinci da masaukai sun buɗe. Gidan da aka gyara yana biyan haraji da kuɗin shara. Iyalin da ke riƙe da gidan kaka ba mai taya shi yanzu sun samu mai saye. Suna kuma cewa ba wanda aka kora, domin gidajen a rufe suke tun kafin baƙi su zo.

Masu suka ba su musanta wannan ba. Abin da suke tambaya shi ne mutum nawa ke kwana a garin a watan Janairu. Yawancin masu sayen makonni suke yi su tafi, 'ya'yansu ba sa makarantar garin, ba su cikin lissafin da ake dubawa kafin a bar aji ko reshen banki ko likita a wuri. Masanin halayyar al'umma Vito Teti, ɗan Calabria, na cikin waɗanda suka soki dabarar, yana ganin tana zubar da darajar wuri, tana kuma mai da hankali kan wanda zai zo maimakon wanda ya zauna bai tafi ba. Matashin garin da ya gama jami'a ba rashin ɗaki ne ya kai shi Milan ba, rashin aiki ne, kuma aikin gini yana ƙarewa ranar da aka gama gini.

Gwamnatin tarayya ma ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Daga kuɗin farfaɗowa bayan annobar korona ta ware kusan Yuro biliyan ɗaya don ƙauyukan tarihi, inda ƙauyuka 21 suka samu miliyan 20 kowanne, abin da wasu suka kira caca tunda ƙasar na da ƙananan hukumomi kusan 7,900, kashi 70 cikin 100 ba su kai mutum 5,000 ba. A 2025 kuma wata takardar tsare-tsare ta gwamnati ta yi maganar cewa wasu yankuna raguwarsu ba ta da magani, sai dai a lallaɓa su, magana da ta tayar da ƙura.

In aka auna, kowane ɓangare da abin da yake ƙirgawa: ɗaya katanga da kuɗin da suka shigo, ɗaya mutane. A kan katanga Sambuca ya ci nasara ƙarara. A kan mutane har yanzu mutuwa ta fi haihuwa, kuma gwanjon gida ba shi da ikon juya wannan. Tsoron cewa farashi zai fi ƙarfin 'yan gari, kamar yadda ya faru a Venice da Florence, bai da ƙarfi muddin rufaffun gidaje sun fi masu saye yawa. Inda za a fara jin matsi shi ne gyararren gida mai kallon kwari a tsohuwar unguwa, da kuma kuɗin magini, wanda ɗan gari ma yanzu sai ya bi layi.

Akwai wani batu da ba a cika haɗa shi da wannan ba, alhali a yanki ɗaya suke. Tafiyar ƙasa da awa ɗaya daga Sambuca, a Campobello di Mazara, 'yan Afirka ta Yamma ne ke tsinkar zaitun duk kaka, kuma shekara da shekaru da yawansu a bukkokin leda da kwano suke kwana. A Satumban 2021 gobara ta cinye sansaninsu, mutum ɗaya ya rasu. Garuruwa irin su Riace a Calabria da Sutera a Sisili sun gwada zaunar da 'yan gudun hijira a rufaffun gidaje, yara suka ƙaru a makarantu. Waɗannan mazauna ne na shekara cur, amma ba su da Yuro 5,000 na jingina balle kuɗin gyara, don haka tsarin gwanjo bai san da su ba.

Gida daban, takardar zama daban

Nan ne mai karatu a Kano ko Maraɗi ko Kumasi ya fi bukatar natsuwa. Mallakar gida a Italiya ba ta ba da biza, ba ta ba da izinin zama, ba ta ba da izinin aiki. Ba'amurken da ya saya yana shiga ba biza amma kwana 90 kawai cikin kowane 180. Mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Gana ko Kamaru ko Chadi ko Sudan sai ya nemi bizar Shengen, wato ta shiga yawancin ƙasashen Turai, kamar kowa, ko da takardar gidan na aljihunsa, kuma ana iya hana shi alhali agogon shekara uku na tafiya.

Bizar zama ta masu abin hannu tana bukatar mutum ya nuna kuɗin shiga na kusan Yuro 31,000 a shekara daga fansho ko haya ko jari, kuma ba a yarda ya yi aiki ba. Bizar masu zuba jari tana farawa daga Yuro 250,000 a sabon kamfanin fasaha, sayen gida ba ya cikin abin da ake lissafawa. A 2024 an buɗe bizar ƙwararru masu aiki ta intanet, ita ma da sharaɗin albashi da inshorar lafiya.

Sayen kansa ma yana da sharaɗi. Baƙon da ba ɗan Tarayyar Turai ba ne kuma ba ya zaune a Italiya, ana barinsa ya sayi gida ne idan ƙasarsa ma tana barin ɗan Italiya ya saya, kuma notaio ne ke bincika wannan kafin ya shaida ciniki. Wanda ke zaune a ƙasar da cikakkiyar takardar aiki ko ta iyali wannan sharaɗi bai hau kansa ba. Saboda haka a cikin Hausawa, mazauna Italiya masu takarda su ne abin ya fi kusa da su, sai dai su ma aikinsu galibi yana birane da masana'antun arewa, nesa da tudun Sambuca.

Sanarwar gwanjo da fom ɗin nema a shafin hukumar garin ake wallafa su, kuɗin jingina kuma asusun hukumar ake biya. Duk wanda ya zo da tayin gidan Yuro ɗaya haɗe da biza, ya ce a tura masa kafin alƙalami, abin da yake sayarwa babu shi a dokar Italiya.